DAGA GUMEL ZUWA MAMBILA: AIKE BIYU NA TAFI DA SU

Kafin in shiga labarin tafiyata bari in fara gaya muku ko ɗan wane ne ni, don in ba haka ba, ba za ku gane abin da ya sa ƙato irina ya tsaya a tsakiyar gona yana share ƙwalla saboda ganye ba.

Mahaifina mai shayi ne. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana wannan sana'a a garin Gumel, duk ranar Alhamis kuwa tun kafin assalatu zai ɗora tukunyarsa da kofuna da burodi a mota ya nufi kasuwar Maigatari, inda Buzaye masu raƙuma da Fulani da dillalan shanu da fataken da suka ƙetaro daga Nijar suke cika masa benci. Da kuɗin shayin nan aka ci da mu, aka sa mu a makaranta, aka yi wa 'yan mata huɗu kayan ɗaki. Amma ka ga duk tsawon shekarun nan Baba bai taɓa ganin ganyen shayi a jikin uwarsa ba. Muna yara sau da yawa musu kan ɓarke a teburinsa, wani ya ce ai ciyawa ce da ake yankewa da lauje, wani ya ce bishiya ce ƙatuwa kamar tsamiya, wani kuma ya yi ta rantsuwa cewa a Ingila ake haɗa shi a inji tunda sunan Bature ne a jikin kwalin. Baba dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da sheƙa shayinsa daga wannan kofi zuwa wancan, don shi ma ba shi da amsa.

To ana nan, a ƙarshen 2022 sai Allah Ya kawo wa autarmu miji. Yaro ne mai hankali, ɗan asalin Sule Tankarkar, mun san iyayensa sun san mu, ba abin da za a kushe masa sai abu guda: shagonsa na kayan masarufi a Nguroje yake, can kan tsaunin Mambila a jihar Taraba. Innarmu 'yar Gagarawa ce, ita a wurinta duk wanda ya wuce Kano ya shiga uwa duniya, don haka ta yi tsalle ta dire ta ce yarinyar da ko Dutse ba ta taɓa zuwa ba, ba mai kai mata ita bayan duniya. Da ƙyar da jiɓin goshi aka shawo kanta, aka ɗaura aure, amarya ta tare. Ba a yi wata biyu ba sai ga waya, yarinya tana kuka, aka ce me aka yi miki, ta ce ba komai. To mai karatu ka dai san "ba komai" ɗin mace, balle a kunnen uwa. Tun daga ranar Inna ta daina barcin kirki. Da Allah Ya sauke ta lafiya a ƙarshen daminar 2023, ga hanya ta ɓaci, ga kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo bayan janye tallafin man fetur, aka kasa kawo ta wankan gida, sai Inna ta ce ita fa ta gaji da jin murya a waya, a je a gano mata 'yarta da ido.

Ni ne babba, ni aka ɗora wa tafiyar. Daren da zan tashi Inna ta kira ni ɗaki ta ce, "Ka buɗe idonka da kyau. In ka ga tana cikin wahala kada ka tsaya shawara da kowa, ka ɗauko mini 'yata da jikata ko da kayan jikinsu ne." Ta haɗa mini rabin buhun gero, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, zoɓo, riɗi, har da goruba da aduwa a ƙunshe. Baba kuwa bai ce komai ba sai da ya rako ni bakin titi da asuba, sannan ya yi ƙasa da murya kamar mai jin kunya ya ce, "Mijinta ya ce wai a can ake noma abin nan. Ka dubo mini, ciyawa ce ko bishiya."

Ba zan cika ku da labarin hanya ba. Daga Gumel Kano, daga Kano Gombe, muka ƙetare gadar Numan a kan kogin Binuwai, sai tsakar dare muka shiga Jalingo. Wani dattijo da muke kujera ɗaya da shi, da ya ji daga inda na fito, sai ya tuna mini cewa ai Jigawa da Taraba tagwaye ne, rana ɗaya aka haife su, 27 ga Agusta 1991, zamanin Janar Babangida. Washegari da muka kama hanyar Garba Chede zuwa Bali na ga lallai tagwayen nan ba su yi kama ba. Watan Nuwamba ne fa, na baro gida an girbe gero, hunturu ya fara buga ƙofa, ƙasa ta yi fari fat. Nan kuwa duk 'yar tafiya kaɗan sai mun hau gada, ƙarƙashinta ruwa yana gudu. Mu da a masarautar Gumel kaf ba mu da kogin da ke shekara da ruwa, sai rijiya mai zurfin tsiya da tafkin da ke ƙafewa tun rani bai yi nisa ba, sai na riƙa leƙe ta taga kamar baƙauye ya shigo birni, har yaron mota ya fara yi mini dariya.

Bayan mun wuce Serti muka isa Mayo Selbe, a nan ne gindin tsaunin. Direba ya tsaya ya duba birki, ya ƙara wa mota ruwa, ya ce kowa ya yi addu'ar da ya iya. Na ɗauka wasa yake yi. Ai kuwa muna fara hawa na gane da gaske yake. Hanya ce da aka sassaƙa a jikin dutse, tana murɗewa kamar maciji, dama dutse ya tokare sama, hagu kwazazzabon da ba ka hango ƙarshensa sai kan bishiyoyi. Akwai wani hawa da ake kira Biyu da Sisi, wai a zamanin Turawa sule biyu da sisi ake biyan wanda ya ɗauki kaya a ka ya haura shi. Wallahi ko fam biyu aka ba ni ba zan ɗauka ba. Kunnuwana suka toshe, wata mata a bayana ta yi ta salati, can kuma sai wani farin abu ya lulluɓe mu, na ce hazo ne, aka ce a'a, gajimare ne muka shiga cikinsa.

Da muka ɓulla sama wajen Mai Samari sai na manta da tsoron. Mai karatu, ko ka tuna wuraren nan da muke gani a fina-finan Indiya, inda saurayi da budurwa suke guje-guje a kan tudu kore shar, mu kuma muna cewa ƙarya ce, fenti aka yi? To ashe akwai irinsu a ƙasar nan tamu. Tudu bayan tudu, duk ciyawa ta rufe su kamar an shimfiɗa darduma, jajayen shanu masu dogon ƙaho suna kiwo a kai, ga layukan bishiyar turare, ga tsofaffin motoci Land Rover da tun zamanin kakanni ake gyara su suna hawa da masara da ayaba. Sai dai fa sanyi. Doron Mambila ya kai wajen mita 1,600 sama da teku, Gumel kuwa ba ta kai mita 400 ba, kuma ƙa'ida ce ta Ubangiji duk yadda ka ƙara yin sama iska tana ƙara sanyi. Ni da na fito da 'yar shara da hula, kafin mu isa Nguroje haƙorana sun fara kaɗawa.

Ina yin sallama a ƙofar gidan sai ga autarmu ta fito da gudu ba ko takalmi, ta durƙusa tana cewa "Yaya! Yaya!" tana kuka tana dariya. Abin da na fara dubawa wuyanta da kumatunta ne, kamar yadda aka umarce ni. Yarinya ta yi ɓul-ɓul, ta yi haske, tana cikin rigar sanyi har biyu. Jaririyar kuwa an naɗe ta a bargo sai hanci kawai ake gani. Wata tsohuwa Bafulatana, maƙwabciyarsu, ita ce ta tsaya mata ta yi mata wankan jego na kwana arba'in, kuma da na je yi mata godiya sai na ji ƙanwata tana yi mini tafinta da Fulatanci, don shi ne harshen kasuwa a can, shi Mambilawa da Kaka da Panso da Kambu da Fulani suke haɗuwa a kai. Da dare aka kawo mini tuwon masara da wani ganye da suke kira kumbi, aka ajiye mini kaskon wuta a ɗaki. Duk da haka ban saki jiki ba, na ce mai ɓoye wahala ya iya tarbar baƙo. Kwana biyu na yi ina sa ido kamar ɗan leƙen asiri, ina duban yadda mijin yake shigowa, da yadda take amsa masa, da abin da ke cikin tukunya.

A rana ta uku na ce wa surukin namu ina da aiken Baba. Ya yi dariya ya ɗauko babur, muka nufi Kakara, wadda ke kan hanyar Gembu. Tun daga nesa na hango wani kore da ya bambanta da na ciyawa, mai duhu, a daidaice kamar wanzami ya bi kansa da almakashi, ya bi tudu ya gangara kwari ya sake hawa wani tudun. Ya tsayar da babur ya ce, "Yaya, ga abin da Baba yake dafawa."

To ga amsar musun teburin Baba: bishiya ce, amma bishiyar da aka hana ta girma. In aka ƙyale ta sai ta yi tsawo ta fi ɗaki, amma da yake sabon toho ake bukata, sai a riƙa datse ta daidai ƙugun mutum, ta yi ta faɗi tana haɗewa da 'yar uwarta har gonar ta zama kamar tebur ɗaya. Ana dasa ta ta yi kamar shekara uku kafin a fara tsinka, daga nan kuma sai ta yi shekaru masu yawa tana bayarwa, mutum ya dasa jikansa ya ci. Na tarar da mata da maza a cikin gonar, kowa da kwando a goye a baya, hannu biyu suna aiki kamar masu kaɗa kalangu, suna tsinka suna jefawa ta kan kafaɗa ba tare da sun waiwaya ba. Wata mai kirki ta nuna mini abin da ake tsinka: ganye biyu na can sama da ɗan tohon da ke tsakaninsu, shi ke nan. Na ƙasa ya tsufa, ba ya yin shayi mai kyau. Bayan mako ɗaya ko biyu wani tohon ya fito, a sake dawowa. Na gwada, kafin in tsinki goma ta cika tafin hannu sau uku, tana yi mini dariya da harshen da ban ji ba.

Na murje ganyen na shinshina, na tauna, ba ƙanshin shayi ko kaɗan, sai ɗaci da bauri. Ashe ƙanshin a masana'anta ake samo shi. Wani ma'aikaci da ya san surukina ya yi mana bayani cewa ganyen ba ya son jira, ranar da aka tsinke shi ranar ake kai shi. A baza shi ya sha iska ya yi yaushi, sannan inji ya yayyanka shi ya murje shi, sai a bar shi ɗan lokaci iska ta ratsa shi, ya juye daga kore zuwa ja-ja, kamar dai yadda goro yake yi in ka ɓare shi ka ajiye. Daga nan a busar da shi da zafi ya zama baƙi, a tankaɗe, a ware manya da ƙanana, a zuba a kwali da sunan Highland Tea. Ya ce sai an tsinko kilo 4 zuwa 5 na ɗanye kafin a sami kilo 1 na busasshe. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da na tambaye shi shayin Buzaye fa, wannan koren da ake dafawa a 'yar buta a kan gawayi a Maigatari ana sha zagaye uku, wace bishiya ce tasa? Ya ce ai ita ce dai wannan. Bambancin kawai shi ana turara shi ko a gasa shi da wuri tun bai juye ba, shi ya sa yake zama kore, kuma galibin wanda muke sha daga ƙasar Sin ake kawo shi. Na ce ikon Allah, shekara nawa Buzaye suna raina shayin Baba suna ce masa ruwan bunu, ashe uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Ita bishiyar ma baƙuwa ce a Mambila. Asalinta ƙasar Sin da kewayenta, Turawan Ingila ne suka yaɗa nomanta a ƙarni na 19 a Indiya, a Assam da Darjeeling da ke gindin tsaunukan Himalaya, inda har giwaye da damisa kan fito daga kurmi su ratsa gonakin shayi. Daga baya aka kai ta Kenya, wadda ta fi kowace ƙasa a Afirka noman ta. Daga Kenya aka kawo irin da aka kafa gonar Kakara da shi a tsakiyar shekarun 1970, aka fara sarrafawa a farkon shekarun 1980, kuma a Kusuku da ke nan kusa akwai reshen cibiyar binciken koko ta ƙasa da ke nazarin shayi da kofi. Ban da gonar kamfani, akwai ƙananan manoma da ke da 'yan gonakinsu suna kai ganye ana aunawa. Abin da take so uku ne: sanyi, ƙasa mai tsami, da ruwan sama mai yawa, kuma ruwan da ke sauka a Mambila a shekara ya ninka namu wajen sau uku. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙasar da kowane lungu akwai mai shayi, kowane gida da safe sai an dafa, amma mafi yawan ganyen daga waje ake sayo shi, alhali ga tuddai nan Allah Ya ba mu. Mu 'yan shayi ma ba mu san da su ba, balle mu tambayi kwalin gida a kanti.

Ina tsaye a nan ina kallon hannun matar nan da ganye ya rina, sai hannun Baba ya faɗo mini a rai, duk tabon ƙunar tukunya da tafasasshen ruwa. Sana'a ɗaya suke yi, ita a farko shi a ƙarshe, ba wanda ya san da wani. Ban san lokacin da ƙwalla ta zubo mini ba, na ce wa surukina iska ce.

A hanyar komawa ya ce kada kyan wurin ya ruɗe ni in ɗauka aljanna ce. Ƙasa ta yi tsada a tudun nan, manomi yana so makiyayi yana so, kuma a 2017 an yi mummunan rikici a kan haka, aka yi asarar rayuka da dabbobi masu yawa. Ya kuma ba ni tarihin da ban sani ba, cewa da can yankin nan ba Najeriya ba ne, Kamaru ce ta Jamus, bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila, sai a watan Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama mutanen suka zaɓi Najeriya, aka kira shi Lardin Sardauna. Har yau sunan ƙaramar hukumar ke nan, hedikwatarta Gembu.

Daren nan mijin ya tafi rufe shago, sai na zaunar da ita na ce, "Auta, tsakaninki da Allah, kukan me kika yi wa Inna a waya?" Ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen bargo, can ta ce, "Yaya, wallahi bai taɓa yi mini ko kallon banza ba. Sanyi ne, da kaɗaici. Ya fita tun safe, ni kaɗai, ruwa yana zuba kwana uku ba rana, in na leƙa waje ban jin abin da kowa yake faɗa, ga marmarin fura ba gero. Ranar na tuna Inna tana daka a tsakar gida, shi ne na kira, da na ji muryarta kuma sai kuka ya ƙwace mini. In na ce fura nake yi wa kuka ai dariya za ku yi mini." Ai kuwa na yi dariyar har da riƙe ciki. Amma 'yan uwa iyaye mata, abin ba na dariya ba ne, don saura ƙiris furar nan ta kashe aure. Da ni mai zafin kai ne, da na iso na tarar da ita cikin zazzaɓi ko ɓacin ran kwana ɗaya, da tuni na cika umarnin Inna. Na gaya mata saƙon da aka ba ni ban ɓoye ba. Ta yi shiru, sannan ta ce in gaya wa Inna za ta zo da babbar Sallah, amma da kuɗin motar komawa a hannunta.

Da zan dawo surukina ya ce ba zan wuce Serti ban shiga gandun dajin Gashaka-Gumti ba, ya rako ni har can. Shi ne gandun namun daji mafi girma a Najeriya, an kafa shi a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, wato ya fi rubu'in jihar Jigawa, ya kama daga Taraba har cikin Adamawa. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru. A Serti ofishinsu yake, a nan aka haɗa mu da ma'aikacin da zai yi mana jagora, don ba a shiga haka kawai. A 2017 wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da hukumar gandun daji ta ƙasa don a haɗa hannu wajen tsaron wurin, ana ɗaukar samarin ƙauyukan kewaye aikin gadi.

Mun ƙetare kogin Kam, ruwansa garau har kana ganin kifi, muka kwana a ƙauyen Gashaka, da sassafe muka shiga kurmi a ƙafa. Ni ban taɓa sanin akwai wurin da rana take tsaka amma ƙasa duhu ba. Bishiyoyi ne miƙaƙƙu da sai ka riƙe hularka kafin ka ga ƙarshensu, saiwoyinsu sun fito waje kamar katanga, igiyoyi suna reto, ƙasa a jiƙe, ko'ina ƙarar ƙorama. Mun ga garken gogo sun fi ashirin suna ƙetare hanya, babbansu ya tsaya ya ƙare mana kallo kamar mu ne muka shigo masa gida, kuma gaskiyarsa. Mun ga biri mai roro, baƙi da fari, da jela kamar tutar sarki, yana tsalle daga reshe zuwa reshe. Jagoran ya nuna mana sawun ɓauna a cikin taɓo, ya ce akwai dorina a wani gurbi na kogin Kam, akwai damisa, da mazo, da gwambaza, da ɗan kunya.

Wanda na fi son gani shi ne wanda mutanen wurin suke kira biri mai ganga, wato babban birin nan mara jela mai kama da mutum. Irin na nan a Najeriya da Kamaru kawai ake samun sa a duniya, kuma mafi yawan waɗanda suka rage mana a gandun nan suke. Tun shekarar 2000 masu bincike daga wata jami'a ta Landan suka kafa sansani a Kwano don nazarinsu, suka tarar suna gyara tsinke su zura a rami su lakato zuma ko kwarkwasa su ci. Ban gan shi ba, kada in yi muku ƙarya. Amma jagoran ya nuna mini gadonsa can saman bishiya, rassa ne ya tanƙwara ya saƙa kamar sheƙa, kuma galibi kowane dare sabo yake yi, ba kasafai yake maimaita na jiya ba. Muna hutawa a kan wani dutse sai muka ji ihu daga ƙetaren kwari, sai kuma dum-dum-dum kamar an buga tambari. Tsigar jikina ta tashi. Jagoran ya ɗaga yatsa ya ce shi ne, saiwar bishiya yake duka da hannu da ƙafa yana sanar da 'yan uwansa inda yake.

Muna zaune a wurin na ba jagoran labarin da Baba yake ba mu, cewa yana yaro tsakanin Gumel da Maigatari daji ne, ana ganin barewa da gada da jimina, kura tana kuka a bayan gari, mata ba sa nisa wajen itace. Mu muka taso ba mu tarar da ko ɗaya ba, sai labarin farin 1973 da na 1984, da layukan darbejiya da turare da gwamnati ta dasa don tare hamada, waɗanda su ma gatari bai ƙyale su ba. Ya ce to nan ma da kaɗan-kaɗan ake farawa. Ya tuna mini kututturan da na gani a hanyar Bali, ya ce madobiya ce, wadda 'yan katako suka sa wa suna madrid, aka yi ta sara ana lodawa a tirela zuwa ƙasar Sin, har sai da a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da duniya ta ƙayyade cinikinsu. Ya nuna ƙoramar da ke gabanmu ya ce wannan ruwan kogin Taraba za shi, daga can Binuwai, kuma kurmin nan ne yake riƙe shi ya riƙa sakin sa a hankali har rani ya fita. Na yi shiru, don na san da me ake hura wutar tukunyar da ta raine ni.

Na iso Gumel bayan kwana goma sha ɗaya. Inna ba ta bari na cire takalmi ba. Na nuna mata hotuna a waya, ta daɗe tana kallon kumatun 'yarta, da ta ji zancen fura kuwa sai ta tafa hannu ta ce, "Ja'ira! Shi ne ta hana ni barci shekara guda?" Nan take ta aika a auno gero.

Baba na kawo masa kwali uku na shayin Kakara, da ɗan dashe a gwangwani wanda na riƙo a cinya tun daga Mambila. Da zan taho da shi auta ta yi mini dariya ta ce, "Yaya, ni da nake mutum sai da na yi wata shida kafin na kama a nan, shi wannan a rairayin Gumel?" Baba ya karɓi gwangwanin da hannu biyu, ya kai shi kusa da idonsa, ya shafa ganyen, ya ce, "Ashe bishiya ce. Allah Ya jiƙan mai gaskiya, ya sha faɗa muna yi masa dariya." Ya ajiye shi a gindin randa yana ba shi ruwa safe da yamma, amma mako uku hunturu ya ƙone shi ƙurmus. Shayin kuwa ya dafa da kansa, ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya ce yana da ƙarfi, zai ɗauki madara. Na zauna na ba shi labarin gonar da masu tsinka da kurmi da biri mai ganga, yana ji bai katse ni ba. Da na gama sai ya tura wani guntun icce cikin murhu, ya ce, "To su a can, nawa masu shayi suke sayen damin itace?"